Wasan da Baba Ya Bari a Buɗe

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, Baba kuwa ya riga mu tafiya. Uban mijina ke nan, wanda na zauna a gidansa a unguwar Gumbihini tun ina amarya har furfura ta fara leƙo mini. Da hantsi ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Mutane sun zo fiye da yadda muka zata. Kujerun roba suka ƙare, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Tsofaffin da suka yi aiki da shi a gidan waya sun zauna gefe guda, suna ta kaɗa kai. Mai kokon da ke kwanar layinmu ta bar tukunyarta a kan wuta ta shigo tana kuka, tana cewa wa zai sake yi mata faɗa a kan yawan sukari. Maƙwabtanmu Dagomba suka durƙusa suna gaisuwa, muna amsa "naa, naa" har murya ta dushe. Ina raba ruwa na ji wata mata tana raɗa wa ta kusa da ita: "Mutumin kirki ne, amma fa sun ce da inji yake hira."

Da aka fita da gawa, gidan ya yi tsit na ɗan lokaci, irin shirun nan da mata ke yi kafin kuka ya sake tashi. A cikin shirun ne kowa ya ji wata ƙara tana fitowa daga ɗakin Baba, fuuu, kamar fankar da ta gaji. Kwamfutarsa ce, tana ta lissafin da ya bar mata. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Kanvili, ta ɗaga kai ta ce:

"Wai har yanzu abin nan bai san mai shi ya mutu ba? Wani ya tashi ya kashe shi mana!"

Ba wanda ya motsa. Mu 'yan gida mun san ba a taɓa ta. Da maza suka dawo daga maƙabarta, ƙanen Baba, wanda muke ce wa Baba Ƙarami, ya ja ƙofar ɗakin ya sa kwaɗon da Baba ke rufe shi da shi. Haka ake yi a zuriyarsu, ɗakin mamaci yana rufe sai an yi arba'in, dangi sun taru, a buɗe a gaban kowa. Aka ce masa ga inji nan yana aiki a ciki. Ya ce, "Yadda ya bar shi haka za a same shi." Ya jefa makulli a aljihu.

Bari in faɗa wa jikokinsa da ba su san shi sosai ba wane ne Baba, da abin da injin nan yake yi masa, don abin da ya faru bayan nan ba zai fahimtu ba sai da shi.

Baba ɗan wasan ces ne. Mu a gida darar Baba muke ce masa. Allo ne mai gida-gida, da sarki da sarauniya da dawakai da 'yan sojoji na katako. Amma Baba ba ya zama gaba da gaba da kowa. Abokan wasansa suna ƙasashe masu nisa. Tun yana saurayi a gidan waya ya fara, a rubuta motsi ɗaya a kati a tura, a zauna jiran amsa har a shuka masara a ci. Mma, uwar mijina, takan ce a wasa ɗaya ta yi ciki ta haihu ta yaye. Daga baya aka bar kati aka koma kwamfuta. Kowa da kwanakin da aka ba shi na tunani, in suka ƙare ba ka tura ba, an cinye ka.

Cikinsu akwai ɗaya da suka daɗe suna haɗuwa tun zamanin kati, wani tsohon direban jirgin ƙasa a can inda ƙanƙara ke rufe ƙofa. Baba bai taɓa ganinsa ba, ko muryarsa bai taɓa ji ba. "Mutumina" yake ce masa. Kowane motsi da 'yar gaisuwa a ƙarƙashinsa: yaya gwiwa, yaya jikoki, an yi ruwa ko ba a yi ba. In saƙonsa ya zo, daga yadda Baba ke yin gyaran murya nake ganewa.

Da injinan lissafi suka shigo wasan, Baba ya ƙi su. Ba sata ba ce, a irin wasansu an yarda kowa ya nemi shawarar inji, shi ne dai ya ga abin kunya ne. Sai yara masu inji suka riƙa cinye shi ɗaya bayan ɗaya. Mijina ne ya gaji da ganin fuskarsa ya kawo masa kwamfuta daga Kumasi, ya sa masa injina biyu a ciki. Baba ya raɗa musu suna, ɗaya Mai Gaggawa, ɗaya Mai Nawa. Yakan jera musu wasan ya bar su kwana da kwanaki suna lissafi. In sun faɗi nasu, sai ya juya musu baya, ya jawo allonsa na katako ya zauna, hannu a haɓa. Ta taga nake jin sa:

"Kai Mai Gaggawa, na ji ka. To bayan ka ci sojan, ina sarkina zai kwana? Ba ka da amsa ko? Mai Nawa, kai fa, ko sai gobe?"

Wani lokaci ya bi su, wani lokaci ya tura su wata hanyar da ba su so ba, ya ce su bi ta har ƙarshe su dawo su gaya masa. Yakan ce, "Inji bai san tsoro ba, shi ya sa ba na sakar masa wuyana duka." Yakan kuma yi ƙorafi cewa tun da kowa ya samu inji, wasa duk ya koma canjaras, ba mai ci, ba wanda aka ci, sai ka ce an taru gaisuwa.

Ranar da aka ɗauke wuta ana cikin lissafi kuwa, sai ka tausaya mana. Har batir ya saya. Ya taɓa cire firijin Mma daga batirin ya sa kwamfuta, nama ya lalace. Mma ta tsaya a ƙofa riƙe da ƙugu ta ce, "To yau Mai Nawa zai dafa maka miya." Baba ya ci garin rogo da ƙuli-ƙuli ranar.

Ni har ya rasu Amarya yake ce mini. Akwai kunya tsakaninmu, ban taɓa zama a gabansa ba, in na kai abinci sai in durƙusa in ajiye in fita. Haihuwata ta fari ta zo da wahala, mijina yana tafiya. Baba ne ya nemo mota, Baba ne ya zauna a benci a ƙofar asibiti. Bai shiga ba ko sau ɗaya. Kullum da safe sai ma'aikaciya ta kawo mini koko mai zafi ta ce wani dattijo ne ya bayar. Muka daɗe a can. Sai bayan mun dawo na ji yana gaya wa wani abokinsa a zaure cewa wasan da yake gab da ci ya mutu, kwanakinsa sun ƙare yana benci. Abokin ya ce kash. Baba ya ce, "Na samu jika, me kake yi wa kash?" Ni bai taɓa gaya mini ba.

Faɗa ɗaya na san ya yi da ɗansa wanda gidan ya girgiza. An yi wa Baba aikin ido, yana kwance, wani wasansa ya matse. Mijina ya shiga ɗaki, ya duba abin da injin ya ce, ya tura. Yana ganin alheri ya yi. Da aka cire wa Baba auduga ya zauna gaban kwamfuta, sai muka ji kira.

"Wa ya tura dokin nan?"

"Ni ne, Baba. Kwanakinku sun kusa ƙarewa, kuma injinan biyu duk sun ce shi ne daidai."

"Na tambaye ka ko daidai ne? Na ce wa ya tura."

"Baba, ai ku ma da shi za ku tura."

"Wataƙila. Amma da ni na tura. Mutumin can ya san ina da inji, na san yana da inji, wannan ba ɓoye ba ne. Abin da ya yarda da shi, ni ne zaune a nan. Ka sa na yi masa ƙarya ina kwance ban ma sani ba."

A ranar ya rubuta wa masu shirya gasar abin da ya faru, ya sallama wasan. Ya canza kalmar sirrinsa. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwar mijina sai da kai, har sai da Mma ta shiga tsakani.

Abu ɗaya Baba ya nema duk rayuwarsa bai samu ba: lambar gwani. In mutum ya tara makin da ake so, ana rubuta sunansa cikin gwanaye, ya zauna har abada. Ya sha zuwa bakinta ta kuɓuce. A wannan gasar ta ƙarshe, rabin maki kawai ya rage masa, wasa ɗaya ya rage, kuma da mutuminsa ne. Canjaras ya isa, don rabin maki yake ba kowa. Injinan biyu sun daɗe suna nuna sifili, wato ba mai rinjaye. Ina shara bakin tagarsa, lokacin ciwon ajalinsa ya fara cin sa, na ji yana cewa:

"In mutumina ya nemi canjaras, da hannu biyu zan karɓa. Ni dai ba zan roƙa ba. Ya san abin da nake nema, kada ya ba ni don tausayi."

Na gaya wa mijina maganar muna dariyar taurin kan tsoho. Sai jiki ya tsananta, Baba ya kwanta, kwanakin tunaninsa suna ta zuba.

Ana gobe sadakar uku, ina tsakar gida ina suyar masa, wato waina, mijina ya zo ya tsuguna kusa da murhu. Wayar Baba tana hannunsa, da ita yake amsa masu gaisuwa. 

"Ke, saƙo ya shigo. Mutumin Baba ya rubuto, kuma ya nemi canjaras."

Ludayi ya tsaya a hannuna.

"Dannawa ɗaya ce," in ji shi. "A danna 'na yarda', shi ke nan, lambar ta zama tasa. Ban san kalmar sirrin ba, amma kwamfutar tana buɗe a shafinsa. Kwanakin da suka rage ba za su kai sadakar bakwai ba, balle arba'in. Ina makullinki na shara?"

Lallai ina da makulli na biyu, ni ke share ɗakin. Amma ranar da aka sa kwaɗo na kai wa Mma, don ban ga dalilin zamansa a hannuna ba.

Na ce, "Yana wurin Mma. Baban yara, ka manta da dokin nan?"

"Wannan daban! Wancan ni na zaɓa masa. Wannan shi ya faɗa da bakinsa, ke kika ji da kunnenki. Ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

"To wasiyya ce."

 Masa ta ƙone a tanda ina kallo. Raina rabi yana cewa gaskiyarsa, tsohon nan ya yi shekaru yana bin abin nan, ga shi ya zo har ƙofa. Rabi kuma yana jin muryar Baba ranar dokin.

Ashe Gwaggo tana bayanmu tana tsince shinkafa. Kafin mijina ya kai ƙofar Mma, ta riga ta aika an kira Baba Ƙarami daga zaure. Ya shigo yana gyara hula.

"Me nake ji? Za a buɗe ɗaki?"

"Baba Ƙarami, ba abin da zan ɗauka. Ku tsaya a kaina ku gani."

"Ƙasar kabarin ubanka ba ta bushe ba, kana zancen wasa?"

"Ba wasa ba ne a wurinsa, kun fi ni sani."

"Ubanmu da ya rasu, akwai maganin Gwaggonka a ɗakin, ba a buɗe ba. Sai a kanka za a fara?"

Gwaggo ta ce, "Gaya masa dai! Ni tun farko na ce abin nan ba alheri ba ne, mutum ya mutu yana ta huci a ɗaki."

Mijina ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi wa ƙanen ubansa ba. Matan da suka zo taya aiki suka yi cirko-cirko. Ina jin maza a zaure sun daina magana. Na tabbata in aka ƙara kalma ɗaya, za a faɗi abin da ba zai gyaru ba, a gaban baƙi, a gidan makoki.

Sai labulen Mma ya motsa. Tun da ta shiga takaba ba ta fito ba sai don alwala. Ta tsaya a bakin ƙofa da farin mayafi, makulli a hannunta.

"Ƙanena," ta ce wa Baba Ƙarami, "kai za ka buɗe, da naka makullin, mu shiga tare. In an tambaya ka ce ni na roƙa. Ina so in ji abin da mutumin ya ce."

Baba Ƙarami ya sa hannu a aljihu. 

Ɗakin ya yi zafi, yana warin man zafin da Baba ke shafa wa gwiwa. Allon katako yana nan yadda ya bar shi, tabarau a gefe. Mijina ya zauna a kujerar, ya taɓa, fuskar kwamfutar ta haska. Ni ina bakin ƙofa, amma ina hango wurin da za a danna, ɗan kore ne. Yatsansa yana kai.

Mma ta ce, "Karanta mini tukuna. Duka."

Ya karanta da Turanci, ya juya mata da Hausa. Mutumin ya ce ya ga an daɗe ba amsa, yana fatan gwiwa ce kawai. Ya ce jikarsa ta yi aure, ya yi rawa har ƙugunsa ya riƙe. Ya ce ya bincika wasan ta kowace hanya, shi da injinsa, bai ga ta inda zai shiga ba, don haka ga hannunsa, ba kyauta ba ce, Baba ne ya tsare gidansa.

Mijina ya juyo, idonsa ya yi ja. "Kun ji? Ya ce ba kyauta ba ce. Abin da Baba ke jira ke nan."

Mma ta ce, "Wato bai sani ba."

"Bai sani ba."

"In ka danna, zai ɗauka babanka ne?"

"E."

"Sai ya yi murna, ya rubuto ya taya shi murnar lamba."

Mma ta ci gaba:

"Sai wa ya amsa masa? Kai? Ka ce masa gwiwa da sauƙi?"

"Mma, daga baya sai a gaya masa."

"Ya ƙirga kwanaki ya ga da gawa ya yi musabaha." Ta juya wurin Baba Ƙarami. "An aika Kumasi?"

"An aika."

"Bawku fa? Dangin Kano?"

"Duk an gaya musu tun ranar."

"Mutanen da rabonsu da shi tun bikin wannan yaron, an gaya musu. Wanda ke tambayar gwiwarsa kowane mako, an bar shi yana magana shi kaɗai. Mu muka yi wannan, ba inji ba."

Mijina ya ce, "Mma, in na gaya masa, lambar ta tafi. Dokarsu ce, wasan mamaci ba a ƙarasa shi."

"Na sani. Na fi ka daɗewa da lambar nan. Da ita na kwana, da ita na tashi, tun kafin a haife ka. Ina so ya same ta fiye da yadda kake so." Ta goge ido da bakin mayafi. "Da ya ƙara kwana kaɗan, da ya danna da hannunsa. Allah bai ba shi ba. Ni ba zan sa ka danna ba, ba zan kuma riƙe hannunka ba. Kai ne babba yanzu."

  Yatsan mijina ya daɗe a wurin, ina ganin jijiyar hannunsa. Ni da na kawo maganar hannu biyu, sai addu'a nake yi a zuci, ban ma san me nake roƙo ba.

Sai ya janye hannun. Ya sauko wurin da ake rubuta gaisuwa.

"Me zan ce masa?"

"Abin da ake cewa. Ka ce ɗansa ne ke magana. Ka ce abokinsa ya rasu, an binne shi cikin mutane masu yawa. Ka ce in ya taɓa ɓata masa rai a shekarun nan, ya yafe masa."

Mijina ya fara bugawa. Da ya zo kan yafiyar sai ya tsaya, ya ce bai san yadda zai faɗe ta da Turanci mutumin ya gane ba. Ya kifa kai a kan teburin ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba ranar da aka ɗauki gawa. Baba Ƙarami ya dafa kafaɗarsa ya bar hannun a nan, har ya ɗago ya ƙarasa ya tura.

Lambar ba ta zo ba. Masu gasar suka rubuto da ta'aziyya mai kyau, suka ce an soke wasan. Sunan Baba ba ya cikin gwanaye, ba kuma zai shiga ba. Har yau wani lokaci muna cin tuwo sai mijina ya ajiye hannu ya ce, "Dannawa ɗaya fa." Ba na ce masa komai, don ni ma takan zo mini.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabari, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ba Mma haƙuri, ya haɗa kan waɗanda ya bari. Wanda duk ya karanta wannan, ya sa shi a addu'a. Tsohon direban nan na ƙasar ƙanƙara ma Allah ya sanyaya masa zuciya, don shi ma an yi masa rashi, kuma a can ba mai zuwa ya yi masa gaisuwa.